Jan Layi a Shafin Kawu Gide

Ilorin, 6 ga Yuni, 2021

Zuwa ga Kawu Malam Gide, Faskari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da duk mutanen gida. Yaya damina? Mama ta ce an yi ruwan shuka a wajenku tun makon jiya, Allah ya sa mai albarka ce. Ni ma lafiya lau, sai 'yar mura, don ruwan garin nan in ya tsinke ba ya saurin ɗaukewa.

Na san sunan kaɗai ba zai sa ka gane ni ba. Ni ce Mansura, ɗiyar Fatsuma ta Kankara, wadda mahaifiyarta da mahaifinka wa da ƙanwa ne. Rabona da kai tun wani biki a gidanmu ina 'yar sakandare, ranar da ka tara mu a zaure kana nuna mana yadda ake gane busasshiyar masara da haƙori. A wajen Mama na karɓi lambarka.

Kawu, ina nan ina karatun digiri na biyu a fannin koyarwa. Aikina na ƙarshe shi ne in tsara kwas da za a yi kacokan ta intanet, in kuma gwada shi da mutane na gaske. Abokan karatuna duk Turanci da lissafi suka ɗauka. Ni na ce aikin gona zan yi, da Hausa, don malaman da ke koyar da shi a makarantun Kankara da Faskari da Sabuwa. Ka fi ni sanin halin da hanyoyinmu suke ciki, an daɗe ba a iya tara su bita wuri ɗaya ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya, yanzu mutum ashirin da huɗu sun amsa. Ranar da suka cika ashirin sai da na taka rawa ni kaɗai a ɗaki.

Abin da na gina kwas ɗin a kansa sunansa wiki. Shafi ne a intanet wanda ba na mutum ɗaya ba. Kai ka rubuta, malamin Yargoje ya ƙara abin da ya sani, malamar Damari ta gyara abin da ta ga bai yi daidai ba, shi kuma shafin yana ajiye sunan kowa da abin da ya taɓa da ranar da ya taɓa. Ban da shi akwai rukuninmu na Wasap, da taswira da kowa zai sa alamar garinsu, da hira ta murya duk Asabar bayan la'asar. Ba na so in zuba masu karatu su haddace. So nake su rubuta littafin da kansu, in an gama ya zama nasu.

Inda na gaza ita ce gonar kanta. Iyakar nomana fegin gyaɗar Mama ne na bayan gida, kai kuwa shekara talatin da biyar ka yi kana malamin gona. Don Allah ka zama babban malaminmu, ka buɗe kowane darasi da abin da ka sani, su kuma su ɗora.

Ina jiran amsarka da ɗoki.

Ɗiyarka,
Mansura

*

Faskari, 14 ga Yuni, 2021

Ɗiyata Mansura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Hajiya tana amsawa, gwiwarta ce dai take taɓa ta jefi-jefi. Masara ta tsiro, dawa muna kan shuka. Ki sha citta da zuma don murar nan.

Da biro na rubuta wannan na ɗauki hotonta, don yatsana ya fi haruffan wayar nan girma. Na gane ki sarai. Ke ce kika ciji masarar da ƙarfi har kika yi ƙwalla.

Tun da na ajiye aiki, shekara shida ke nan, ba wanda ya tambaye ni komai sai farashin taki. Ina da kwali uku cike da littattafan da na riƙa rubuta abin da na gani a gonakin mutane, Hajiya ta sha cewa za ta hura wuta da su. Ranar da wasiƙarki ta zo na jawo su tsakar gida na baje. Ta fito ta same ni cikin takardu har gwiwa, ta tambaya ko an maida ni aiki ne. Na ce mata an maida ni, kuma shugabata tana Ilorin.

Abu ɗaya ne bai kwanta mani ba, wannan magana ta kowa ya gyara. A zamaninmu takarda sai ta bi tebur uku kafin manomi ya ji abin da ke cikinta. Amma ke kika karanci abin, ni ban karanta ba, don haka na amince. Na riga na jera darussa goma sha ɗaya, daga zaɓen iri har zuba hatsi a rumbu. Jiya na je Funtuwa na canza tabarau. Ki turo mani yadda ake shiga, ki rubuta shi dalla-dalla kamar wa ɗan aji ɗaya.

Kawunki,
Gide

*

Ilorin, 1 ga Agusta, 2021

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi wa Hajiya sannu da gwiwa. Mura ta tafi, citta ta yi aiki.

Na san muna haɗuwa duk Asabar a hira, amma a can ba na samun bakin magana, kai da Malam Salim na Yargoje kun cinye lokacin. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka. Kawu, mako biyar kacal, shafukanmu sun kai arba'in da ɗaya! Ni goma sha ɗaya na tsara.

Ka tuna ranar Talatar da Malam Salim ya sa hoton tsutsar da ke cin zuciyar masara? Na zauna ina kallon shafin yana girma a gabana. Kafin azahar malamin Pauwa ya rubuta yadda suke zuba toka da yashi a cikin kunnen masarar. Kai ka zo ka ƙara lokacin da ya fi dacewa a zuba. Wata malama ta sa hoton ƙwan tsutsar a bayan ganye don a gane shi tun bai ƙyanƙyashe ba. Kafin magariba darasi ya haɗu, ban sa harafi ko ɗaya ba. Na kai wa malamar da ke duba aikina, ba ta jin Hausa, amma da ta ga jerin sunayen da suka taɓa shafin sai ta kira wani malami daga ofishin kusa ta ce ya zo ya gani.

Kuma na lura ka daina turo hoton takarda a wiki, da yatsanka kake bugawa. Na ga inda ka rubuta "rumbu" sau uku a jere ka dawo ka goge biyu. Shafin ba ya rufa wa kowa asiri.

Darasi na gaba shi ne wanda na fi ɗoki, "Irin da muka gada". Kowane malami zai tambayi tsofaffin garinsu irin dawa da gero da wake na da, ya sa hoto, ya sa alama a taswira. Ka buɗe mana da waɗanda ka sani, har da waɗanda aka daina gani.

Ɗiyarka,
Mansura

*

Faskari, 29 ga Agusta, 2021

Mansura,

Salamu alaikum. Muna lafiya. An yi ruwa mai ƙarfi ranar Alhamis, katangar maƙwabcinmu ta faɗi, ba wanda ya ji ciwo.

Abin da na guda tun farko ya faru. Kwana huɗu na yi ina rubuta shafin irin da muka gada. A ciki na kawo wata dawa da ake kira 'yar-zabo, saboda ɗigo-ɗigon da ke jikin ƙwayarta. Gajera ce, tana nuna da wuri, kuma wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa tun daga saiwa, ba ta cika kayar da ita ba. Na rubuta cewa ta ɓace a ƙasar nan fiye da shekara ashirin. Ban rubuta da ka ba. Na neme ta a kasuwar Dandume, na neme ta a Sheme, na neme ta a Kankara, ko ƙwaya ban samu ba.

Yau da safe waya ta yi ƙara, wai an taɓa shafina. Ina buɗewa na ga an ja wa maganata jan layi, tun daga farkonta har ƙarshe, kamar yadda ake yi wa ɗalibin da ya kwafi amsa. Ban ko ƙarasa dubawa ba na kife wayar. Mutum ashirin da huɗu duk sun gani. A cikinsu akwai waɗanda na girmi iyayensu.

Ni ba na ƙin a ƙara mani, an sha ƙarawa na ji daɗi. Amma a soke mani magana a bainar jama'a ba sallama ba tambaya, wannan ban saba da shi ba, kuma ba a shekaruna zan fara sabawa ba. Ki duba lamarin.

Gide

*

Ilorin, 30 ga Agusta, 2021

Kawu,

Assalamu alaikum. Don Allah ka yi haƙuri. Tun da na karanta wasiƙarka hankalina bai kwanta ba, ko karyawa ban yi ba.

Na maida shafin yadda ka rubuta shi, kuma na kulle shi, yanzu ba mai iya taɓawa sai ni da kai. Wadda ta yi gyaran Malama Baraka ce, ta makarantar firamaren Damari. Mace ce mai natsuwa, ba ta cika magana a hira ba, ban yi zaton da raini ta yi ba. Jan layin ma ba ita ta ja ba, haka shafin yake nuna duk abin da aka canza, ya sa tsohon da ja, sabon da kore a ƙasansa.

Sai dai tun da na kulle shafin ta fita daga rukuninmu, na kira ta sau uku ba ta ɗauka ba. Malam Salim ya tambaya a rukuni ko yanzu akwai shafin manya da na yara ne.

In kana son ganin abin da ta rubuta, ka taɓa inda aka sa "tarihi" a saman shafin, yana nan bai ɓace ba. Amma ba dole. Ni dai kada ka yi fushi da ni.

Ɗiyarka,
Mansura

*

Faskari, 8 ga Satumba, 2021

Mansura,

Salamu alaikum, muna lafiya. Sai yau na iya buɗe tarihin nan da kika ce. Na karanta abin da ta rubuta. Ki cire sunana daga kan shafin nan.

*

Ilorin, 10 ga Oktoba, 2021

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ku lafiya. Wata guda ke nan ban ji muryar kowa daga gida ba, tun da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Sau ɗaya Mama ta aiko da saƙo ta bakin wata da ta je Kano, ta ce suna lafiya. Ku kuwa shiru. Saƙonni bakwai na tura maka, duk suna nan a wayata ba su tafi ba. Wannan da hannu na rubuta. Na je kasuwar hatsi ta nan inda motocin arewa ke sauke masara, na samu wani direba, Alhaji Nasir, mai lodi daga Dandume, ya ce ya san wanda zai kawo maka.

Layi uku ɗin nan naka na karanta su ya fi sau hamsin. Na gane ka bar mu, kuma ban ga laifinka ba. Ni na jawo ka cikin abin da ka ce tun farko bai kwanta maka ba. Amma ban cire sunanka ba, hannuna ya ƙi.

Malamata ta ga na kulle shafi, ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba. Tambayata kawai ta yi, in wiki ne kuma an kulle, to mene ne sunansa yanzu? Na ɓata maka, na ɓata wa Malama Baraka, ga shi duk ɗalibaina ashirin da huɗu ba mai iya shiga. Kullum sai na buɗe shafukan, ba abin da ya motsa tun tara ga Satumba. An ce in zuwa Disamba ban nuna an kammala kwas ɗin ba, sai dai in sake wani daga farko da wasu mutane a nan.

Ba don kwas na rubuto ba. Ka yafe mani, ka kuma aiko da ko kalma ɗaya in san kuna lafiya.

Ɗiyarka,
Mansura

*

Faskari, 27 ga Oktoba, 2021

Ɗiyata Mansura,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiyarmu ƙalau, ni da Hajiya da kowa. Na aika Kankara, Fatsuma ma tana lafiya, ta ce ki ci abinci. Wasiƙarki ta iso jiya, ta sha hannu, har da ɗigon man ja a bayanta.

Na karanta na riƙe baki. Wa ya ce maki na bar ku? Takarda biyu na rubuta ranar nan. Na tura hoton ta farko, ina cikin tura ta biyu aka kira salla, na ce in na dawo na ƙarasa. Na manta sai washegari, washegari kuwa sabis ya tafi. Ashe rabin magana kika riƙe wata ɗaya da rabi. Ga sauran.

Abin da Malama Baraka ta rubuta a ƙasan jan layin shi ne: "Ba ta ɓace ba. Tana gonarmu a Damari, bana ma mun shuka." Sai sunanta, Baraka Yahuza. Sunan uban ne ya sa na zauna a ƙasa.

A shekarar 1989, ina saurayin ma'aikaci mai sabon babur, aka tura ni Damari da sabon irin dawa. Aka tara manoma a ƙofar gidan mai gari. Wani dattijo, Malam Yahuza, ya miƙe ya ce zai gwada namu, amma ba zai bar 'yar-zabo ba, don ita ta riƙe gidansu a shekarun fari. Ni kuma, don in burge mutane, na ce mashi wannan irin talauci ne, wanda ya riƙe ta ya riƙe yunwa. Aka yi dariya. Ya sa takalmansa ya tafi. Sabon irin ya yi kyau shekarun da taki ke da sauƙi. Da ƙasa ta gaji, wuta-wuta ta shiga, sai na fara neman 'yar-zabo a kasuwanni. Na neme ta ko'ina ban da Damari. Kunya ta hana ni. Da na rubuta ta ɓace, ina jin so nake ya zama hakan, in huta.

Shi ya sa na ce ki cire sunana. Takarda ta biyu cewa ta yi ki sa nata a wurin, ni kuma na tafi Damari.

Na tafi kuwa, ta Funtuwa da Dandume, Hajiya tana ta faɗan hanya. Na samu Malama Baraka a makaranta, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar. Na faɗi sunana, ta ce ta san shi tun tana yarinya, a gidansu ba a kiransa da daɗi. Ta ce mahaifinta bai ƙara zuwa taron malaman gona ba har ya rasu. Na ba ta haƙuri, na ce wanda ya kamata in ba ya riga ni tafiya. Sai ta ce in zo in gani.

Mansura, gona ce 'yar ƙarama a bayan gari. Gonar da ke gefenta wuta-wuta ta yi mata ja, dawar ta tsuke kamar tsintsiya. Ita kuwa 'yar-zabo tana tsaye, iya kafaɗata, ta fidda kai. Na murza zangarniya ɗaya a tafin hannu na ga ɗigon nan. Shekara ashirin ina nema. Ban san hawaye ya zubo ba sai da tabarau ya yi duhu.

Na roƙi iri. Ga abin da ta ce mani, ban canza ko kalma ba: "Malam, ba zan hana ka iri ba. Amma a gaban mutane ka faɗi taka, a gaban mutane aka goge tawa. Ka koma shafin ka gyara da hannunka, sannan ka zo ka ɗauka."

Na ce ai babu sabis. Ta ce ita ma ba ta girbe ba tukuna, sai mu jira tare.

To kada ki ce kwas ya mutu. A ranar muka sayi babban littafin rubutu, muka raba kowane shafi biyu, hagu na mai rubutu, dama a bar shi fili don mai gyara. Ita ta fara, ni na biyo. Littafin ya je Sabuwa, ya dawo Faskari, ya tafi Yargoje wajen Malam Salim, yanzu yana Pauwa. Malamai goma sha bakwai sun sa hannu, kowa da launin bironsa da kwanan wata. Darasi na takwas da na tara sun kammala. An gyara ni sau shida a ciki, huɗu suna da gaskiya, biyu muna kan gardama. Na kwafo maki shafi goma, kowane rubutu da irin launin bironsa, na haɗa da wannan.

Abu biyu nake so. Ki buɗe shafin da kika kulle. Amma kada ki maida maganarta, ki bar kuskurena yadda yake, ni zan taɓa shi.

Kawunki,
Gide

*

Ilorin, 9 ga Nuwamba, 2021

Kawu,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi! A tsaye na karanta wasiƙarka a bakin motar Alhaji Nasir, cikin buhunan masara, ina dariya ina share ido, har ya tambaya ko rasuwa aka yi ko haihuwa. Ina gaida Hajiya, ka ce mata ta yafe mani hanyar da na sa ka bi.

Daga kasuwa ban koma ɗaki ba, ofishin malamata na wuce da shafuka goman nan. Na fassara mata su ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana kallon gefen daman, inda biro kala uku suka taru a kan maganar zurfin ramin shuka. Ta tambaya wa ya koya masu wannan tsarin, na ce ba kowa. Ta ce to in ƙara babi guda a kan littafin nan, kuma ta ɗaga mani lokaci zuwa ƙarshen Janairu. Ta ce in gaya maku a riƙe littafin da kyau, kada ruwa ya taɓa shi.

Na buɗe shafin, kuskurenka yana nan yana jiranka. Na kuma rubuta a saman wiki ɗin cewa daga yau ba shafin da za a ƙara kullewa, wanda bai yarda da gyara ba ya je zauren tattaunawar shafin a yi magana. Da na san haka tun farko da ban yi abin da na yi ba. Tsoron ɓacin ranka ya sa ban ko tsaya na tambaye ta ba.

Akwai wata takarda a cikin ambulan ɗin, ta Malama Baraka ce. Ni na goge mata magana, ba kai ba, don haka ni ma ina da haƙurin da zan bayar. Don Allah ka sa a kai mata hannu da hannu.

Ɗiyarka,
Mansura

*

Faskari, 12 ga Disamba, 2021

Ɗiyata Mansura,

Salamu alaikum. Muna lafiya, an gama girbi, an gode Allah. Wannan ba hoton takarda ba ne, da yatsana nake buga maki, ki yi haƙuri da kurakurai.

Kin ji sabis ya dawo. Ranar duk garin nan ba ka jin komai sai ƙarar waya, saƙonnin wata uku suna shigowa lokaci ɗaya. Naki bakwai ɗin sun iso, na karanta su duka ko da yake sun tsufa.

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaure, na ce wa Hajiya ko wa ya zo ba na nan. Minti arba'in na yi. Na goge "ta ɓace" da hannuna, na rubuta: "'Yar-zabo tana nan a Damari. Marigayi Malam Yahuza ne ya adana ta, bayan ni Gide na ce mashi ya watsar a gaban jama'a a 1989. Shi ke da gaskiya." Na sanar a rukuni don kowa ya je ya gani. Malama Baraka ta dawo rukunin, ta ce takardarki ta isa, komai ya wuce.

Ban kai ga naɗe tabarma ba waya ta yi ƙara, an taɓa shafina. Na buɗe, sai ga jan layi kuma. Wannan karon na karanta har ƙasa. Ta soke inda na ce mahaifinta ne ya adana, ta rubuta cewa shi da mahaifiyarta ne, Goggo Fatima Zahra'u, don ita ke zaɓen zangarniyar iri duk shekara ta rataye a madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari, kuma tana nan da ranta, ita ta zaɓi na bana. Na yi dariya har Hajiya ta leƙo. Na shiga zauren tattaunawa na rubuta mata, haka ne, na gode.

Kafin la'asar malamai tara sun rubuta suna son iri don gonar makaranta. Malam Salim har ya auna fili. Ita kuma ta aiko mani da cewa Goggo ta ware zangarniya ashirin da huɗu, ɗaya tawa, sauran na malamai, kuma ni zan bi in raba, tunda na san hanya.

Gobe da safe zan tafi Damari, in fara gaida Goggo kafin in taɓa komai. Ke kuma ki buɗe mana sabon shafi na gwajin 'yar-zabo, da gurbin kowace makaranta, ranar shuka da ranar fidda kai da abin da aka girba. Ki yi sauri, damina ba ta da nisa kamar yadda kike gani daga Ilorin.

Kawunki,
Gide